Hazo da hoton tsuntsaye a Dagona: ina mafita?

Ɗan Gashuwa: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da sanyi. Shawara nake nema wajen manya. Ina da kamarar Nikon D3500 da gilashin janyo nesa na 70-300, kuma ina zuwa mafakar tsuntsaye ta Dagona a jihar Yobe ɗaukar hotonsu tun da ruwa ya fara janyewa. Abu uku ke damuna. Balbela idan tana gaban kachala, doguwar ciyawar nan ta fadama, sai jikinta ya fito fari fat, ba ka ganin gashi ko ɗaya. Shirwa ko dinya kuma idan ta tashi sama sai ta fito baƙa ƙirin, sararin saman kuma toka-toka. Sannan ga hazo, duk abin da ya ɗan yi nisa sai ya dushe. Kamarar ce ta gaza, ko akwai abin da ake saitawa? Har na fara tunanin in ajiye ta sai damina.

Na Bakin Ruwa: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, in ka jira damina wa za ka ɗauka? Baƙin tsuntsayen da ke cika fadamar Haɗeja da Nguru daga Turai suke zuwa, suna fara isowa wajen watan Oktoba, su juya wajen Maris zuwa Afrilu. Yawancin zamansu a cikin hunturu yake. Da damina shamuwa za ka samu, ita ma a bishiyoyin cikin gari, ga ruwa ya shafe hanyoyi. Ka haƙura da hazon, tare suke zuwa.

Abu Sadik: Kamararka lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne na'urar awon haske da ke cikinta ba ta san balbela ba, ba ta san kachala ba. An gina ta ne a kan ta tara hasken duk abin da ke gabanta ta mayar da shi tsaka-tsaki, ba fari ba, ba baƙi ba. To idan kachala mai duhu ta cika hoton, sai kamara ta ce wurin nan ya yi duhu, ta ƙara haske. Kachala ta gyaru, balbela ta ƙone. Idan ka ɗaga sama kuma, farin hazo ne ya cika hoton, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Sama ta koma toka, shirwa ta koma inuwa.

Kusa da maɓallin ɗauka akwai wani ƙarami mai alamar +/-. A yanayin A ko S, inda kamara ke ƙarasa saitin haske da kanta, ka danne shi ka juya ƙaramar tayar baya. Farin tsuntsu a gaban duhu, ka sauka zuwa -1, wani lokaci har ƙasa da haka. Tsuntsu mai duhu a farin sama, ka hau +1 zuwa +2. Sannan ka shiga saitin duba hoto ka kunna Highlights, duk inda ya ƙone zai riƙa walƙiya a allo. Muddin jikin tsuntsun na walƙiya, ka ƙara ragewa.

Ɗan Gashuwa: Na gode Yaya. Amma tsuntsun da ya tashi daga kachala ya shiga sama cikin daƙiƙa biyu fa? Yaushe zan juya daga -1 zuwa +2?

Baba Mai Hoto: Yaro, ka yi tambayar da ta dace. Ba za ka juya ba, domin babu buƙata. Ka yi tunani: hasken da ke kan tsuntsun bai canza ba don ya tashi. Rana ɗaya ce ke dukansa a kachala da a sama. Bayansa ne ya canza, kamara kuma ta ruɗe. Saboda haka ka ƙwace ragamar daga hannunta. Ka koma M, wato saitin hannu, ka hana ISO, ma'aunin ƙarfin jin haske na kamara, sarrafa kansa, ka saita da hannunka sau ɗaya, shi ke nan.

Lokacin da muke aiki da fim ba mu da allon dubawa, sai an wanke muke ganin abin da muka yi. Ƙa'idar da muka rayu da ita ita ce: in rana ta fito tar, ƙofar haske f/16, saurin ƙiftawa kuma daidai da lambar fim ɗinka. Da ISO 400 ke nan 1/400. In ka buɗe ƙofar zuwa f/8 ka sami 1/1600, wanda ya isa ya tsayar da fiffiken dinya. In hazo ya yi kauri, ka bar f/8 da 1/1600 a inda suke, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Ka gwada a kan balbela mafi kusa, ka rage har farin ya daina walƙiya. Daga nan duk abin da ya gifta a cikin wannan hasken zai fito daidai, sai dai in ka juya ka fuskanci rana, ko rana ta ƙara hawa. Da sassafe ka riƙa sake dubawa a kai a kai, don hasken na gudu.

Kuma kafin ka ɓata kuɗin mota, ka koyi abin a gida da hankaka. Baƙi ne da farin ƙirji. Ranar da ka fitar da gashin baƙin da gashin farin a hoto ɗaya, babu tsuntsun Dagona da zai gagare ka.

Abu Sadik: Baba, Allah ya ƙara girma, shawarar hankaka ta yi. Amma ISO 1600 a D3500 zai kawo ɗige-ɗige a wuraren duhu, musamman in zai yanke hoton ya kusanto da tsuntsun.

Baba Mai Hoto: Ɗige-ɗige ana rage shi a kwamfuta. Hoton da ya girgiza fa, wa ya taɓa gyara shi? Ga shi a kwalekwale yake ɗauka, inda sanda mai ƙafa uku ba ta da amfani.

Maman Hanan: Sallama gare ku. Ban ga wanda ya taɓo tambayarsa ta uku ba, kuma ita ce mai wuya. Haske ana saita shi, hazo ba a saita shi. Ƙurar nan da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, galibinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana rataye ne tsakaninka da tsuntsun. Kowace ƙwaya tana watsa haske, sai ya zama akwai farin labule a tsakani, kuma gwargwadon nisa gwargwadon kaurinsa. Shi ya sa nake ce wa masu tara kuɗin dogon gilashi na 600 su dakata tukuna. Gilashi yana girmama tsuntsu, amma ba ya rage iskar da ke tsakaninku, har ƙurar yake girmamawa. Tsuntsun da ke mita 10 zai fito tas ko a ranar da ba a ganin ƙarshen titi. Wanda ke mita 100 ba zai fito ba ko da kamarar miliyoyi.

Sai kuma abokin tafiyar hazo. Da zarar hantsi ya ɗaga ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke samanta tana rawa, irin kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta. Hoto sai ya fito kamar ba a saita ido ba, mutum ya yi ta zargin gilashinsa. Wannan ma maganinsa kusanci ne, da sammako.

Na Bakin Ruwa: Anti ta faɗi gaskiya. Kuma kusanci ba bin tsuntsu ba ne. Masu zuwa daga birni su ce wa mai kwalekwale matsa, matsa, har garken ya tashi. Ka je tun da duhu, bayan asuba, ka zauna a gefen da rana za ta fito ta bayanka, ka sa kaya masu launin ƙasa, ka yi shiru. Kirinjijiya da kansu za su dawo inda suka saba. Sun saba da masunta, ba su saba da mai farar shadda yana tsaye yana nuna su da baƙin abu ba. Ku tuna ana harbinsu a wasu wuraren, suna da dalilin tsoro.

Baba Mai Hoto: Ni kam zan saɓa muku kaɗan. Kuna maganar hazo tamkar annoba. A wurina hunturu ne lokacin da ya fi kowane kyawun haske a ƙasar nan. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jan ƙafa, miƙewa take yi sama kai tsaye. Jan hasken safiyar da Turawa ke samu na dogon lokaci, mu kafin ka gama daidaita zama ya wuce. A watan Afrilu in sama ta washe, ƙarfe tara ma inuwa ta yi baƙi, farin tsuntsu ya ƙone, idon dabba ya shige duhu. Amma da hazo, rana tana rataye kamar farantin tangaran, haskenta ya yi laushi, inuwa ta yi sauƙi. A studiyo kuɗi muke kashewa mu sayi farin yadin da za mu sa a gaban fitila don mu sami irin wannan hasken. Ga shi Allah ya shimfiɗa mana shi kyauta daga Sakkwato har Maiduguri.

Kuma dushewar nesa da kuke kuka da ita, ita ce ke raba tsuntsu da bayansa. Zalɓe a kusa ya fito da duhunsa, bishiyoyin baya su yi fari-fari, na bayansu su ɓace. Wannan hoton ba a samunsa da damina.

Gargaɗi ɗaya: don rana ta yi sanyi a ido, kada wanda ya leƙa ta ta cikin ramin duban kamara da dogon gilashi. Yana iya lahanta ido.

Abu Sadik: Baba, wannan maganar masu fasaha ce. Yaron nan so yake a ga tsuntsu. Ƙanena, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, kada ka tsaya a JPEG da ta riga ta sarrafa. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom akwai Dehaze, ma'aunin rage hazo, ka ja shi kaɗan, ka sauke baƙin hoton, za ka ga launi ya dawo. Rawayar da ƙura ke sa wa hoto ma a RAW gyara ta ba wuya. In ba ka da kwamfuta, Lightroom na waya ma yana yi.

Hajiya Mai Lambu: Ni 'yar kallo ce a nan, da waya nake ɗaukar tsuntsayen da ke zuwa shan ruwa a lambuna. Amma ina da tambaya. In an cire hazon da na'ura, hoton na ranar ne kuwa? Kwanaki na ga wani ya sa hoton gauraka a ƙarƙashin shuɗin sama mai gizagizai, ya ce a watan Janairu ya ɗauka. Wane Janairu ne ke da irin wannan saman a arewa?

Abu Sadik: Hajiya, ranki ya daɗe, wancan canza sama ya yi ɗungurungum, daban ne da abin da nake faɗa. Idon mutum yana ratsa hazo fiye da yadda ɗanyen hoto ke nunawa, domin RAW da ma a dushe yake fitowa. In na ƙara masa ƙarfi, abin da na gani nake dawowa da shi.

Baba Mai Hoto: A ɗakin wankin hoto ma muna tare haske da hannu a wani sashe, mu ƙara a wani. Gyara ba yau aka fara ba. Iyakata ita ce, abin da babu shi a wurin kada ka sa, abin da ke wurin kada ka ɗauke. Amma Dehaze ɗin nan naku, in aka ja shi da yawa sai ka ga farin zobe ya kewaye tsuntsu, sama ta yi dabbare-dabbare. Daga nesa nake gane shi.

Maman Hanan: Ni damuwata launi ce, kuma ba don ado ba. Akwai masu amfani da hotunan nan wajen tantance jinsi. A dajin Amurum da ke kusa da Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI take, akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban. Yana da 'yan uwa masu kama da shi ƙwarai, kuma abin da ake dubawa shi ne launin baya da na kai da na baki. In mutum ya ƙara wa hoto ja don ya burge a Facebook, ya sauya shaidar. Wanda zai tura hoto eBird ko iNaturalist, shafukan intanet da ake tara bayanan tsuntsaye da sauran halittu, ya gyara haske, ya bar launi yadda yake. Na rataye wa a falo kuwa, kowa da ra'ayinsa.

Gauraka da Hajiya ta ambata ma, yanzu ganinta a dajin Najeriya ya yi wuya sosai. Duk wanda ya sa hotonta ya kamata ya faɗa ko ta daji ce ko ta gidan wani mai kiwo.

Bauchi Ƙwarai: Ku kuna fama da farin sama, mu a Yankari inuwa ce matsalarmu. Da rani dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji, inda bishiyoyi suka yi duhu, rana kuma na ratsowa tsilli-tsilli. Giwa tana tsaye rabin jikinta a inuwa, rabi a rana. Babu saitin da zai ɗauki duka biyun. Abin da nake yi, in sa awon haske a kan ɗigo ɗaya, in auna fuskarta, in cire sama daga hoton gaba ɗaya. Ko kuma in jira ta shige inuwa duka, wanda ya fi. Kuma a ce wa direba ya kashe mota, rawar inji tana shiga hoto. A nan ina tare da Baba, ranar da aka tashi da hazo ita ce ranar da fatar giwa ke fitowa da duk tamojinta.

Wanda zai je, ya riƙe jakarsa da kyau a sansanin Wikki. Gwaggon biri ba ya tambayar ko abinci ne a ciki ko gilashi.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu namu raƙumin dawa ne, shi kuma tsawonsa ne matsala: ƙafafu a cikin sabara, kai a farin sama. Na Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, su ne suka rage na irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49, yanzu sun haura 600, har an kai takwas Gadabeji ta jiharmu a 2018. Tun harin da 'yan bindiga suka kai wurin a watan Agustan 2020, zuwa Kure ya yi wuya, sai mutum ya bincika halin da ake ciki kafin ya kama hanya. Game da haske, ni na daina faɗa da shi. In rana na bayan dabbar, sai in auna sama, in bar raƙumin ya zama baƙar siffa kusa da bishiyar gawo. Kowa ya ga wuyan ya san ko wane ne. Sai dai a jira ƙafafu su rabu, kuma kada biyu su haɗu su zama dunƙule ɗaya.

Ɗan Gashuwa: Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura ɗaya. Akwai mujiya da ke kwana a wata tsamiya a bayan unguwarmu, bayan magariba take fitowa. Zan iya haska ta da filasha?

Abu Sadik: Filashar kan kamara ba za ta kai ba in ta wuce 'yan mitoci, kuma a hazo ƙurar gabanka za ta fara haskawa, ka ga fararen ƙwallaye sun cika hoton. Idonta ma ja zai fito. Gara wani ya riƙe tocila daga gefe, nesa da kamara kaɗan.

Maman Hanan: Ni ba zan ba da shawarar ko ɗaya ba, ƙanena. Tsuntsuwar da idonta ya saba da duhu, ka watsa mata haske a lokacin da take shirin farauta, ka takura mata, balle in tana da 'ya'ya a kogon. Tunda ka san bishiyar, ka neme ta da rana tana hutawa. Ba ta motsi, saboda haka ko 1/60 ya isa in ka jingina kamara da wani abu. Ka auna hasken a jikinta, ka bar ganyen baya ya yi fari.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Ka san yadda mutanenmu suka ɗauki mujiya. In yaran unguwa suka ga kana haska tsamiya da dare, gobe da danƙo za su zo. Kada ka faɗi wurin, ko a zauren nan.

Abu Sadik: Anti, masu bincike ma suna amfani da fitila da dare ai.

Maman Hanan: Suna yi, na ɗan lokaci, kuma don wani dalili. Shi hoto yake so, kuma yana da hanyar samunsa da rana.

Hajiya Mai Lambu: Mu masu waya a ba mu namu kason mana.

Abu Sadik: Hajiya, ki taɓa tsuntsun a allo, alamar rana za ta fito a gefe, ki ja ta ƙasa in fari ne, sama in mai duhu ne. Kada ki buɗe zum da yatsu ya wuce iyakar gilashin wayar, yanka hoton kawai yake yi. Tunda ruwa suke zuwa sha, ki ajiye kaskon a inda hasken safe ke sauka, bayansa kuma ya zama inuwa, ki zauna kusa. Kin fi masu dogon gilashi samun sauƙi.

Ɗan Gashuwa: Yaya Abu Sadik, na duba hotunan saman da na ɗauka, akwai wasu ɗigogi masu duhu a wuri ɗaya a kowane hoto. Na goge gilashi ba su tafi ba.

Abu Sadik: Ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kamara, kuma D3500 ba ta da na'urar kakkaɓe kanta. Don ka tabbatar, ka sa f/16 ko f/22 ka ɗauki sama, za su fito ƙarara. A f/6.3 ko f/8 da kake aiki da su ba za su dame ka sosai ba, kuma ana share su a Lightroom.

Baba Mai Hoto: Ka sayi 'yar robar hura iska ta masu kamara. Batir a cike, ka shiga saiti ka ɗaga madubi, ka kifa bakin kamarar ƙasa, ka hura ba tare da bakin robar ya taɓa komai ba. Ban da iskar baki, ban da auduga, ban da gefen riga. In ba ta fita ba ka kai wa mai gyara. Kuma daga yanzu har hazo ya wuce, gilashin da ka ɗaura a ɗaki shi za ka dawo da shi, kada ka kwance shi a daji. Shi kansa 70-300 ɗin yana zuƙar iska duk lokacin da ka ja shi ka mayar, don haka in kana kan babur ka naɗe kamarar a cikin leda ko ɗankwali kafin ka sa a jaka.